Ƙyallen da Gwaggo Ta Ce Ta Ƙone

Ranar sunan ɗan 'yata Maryama na ji wata jikata, wadda ko shekara goma ba ta cika ba, tana yi wa ƙanwarta faɗa a bakin rariya. Wai ta nuna mata inda aka ɓoye alewa, ita kuma ta je ta fesa wa sauran yara.

"Ke dai bakinki irin na Gwaggo Asabe ne," in ji ta.

Matan da ke wurin suka kwashe da dariya, har da ku 'ya'yana. Yarinyar ba ta taɓa ganin Gwaggo ba, ko hotonta ba mu da shi, amma ta gaji maganar kamar yadda ake gadon kwano. Ni ban yi dariya ba, ban kuma tanka ba, domin yin shiru a inda ya kamata in yi magana tsohuwar ɗabi'ata ce. Na rubuta wannan babi ne don in fitar da maganar nan daga gidanmu. Gwaggo Asabe ba ta taɓa sakin baki ba, ga kuma yadda abin ya faru.

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce. Ita ta ɗauke ni ina shekara huɗu, bayan rasuwar mahaifiyata, ta rene ni a Unguwar Shanu, kuma da na auri babanku ta biyo ni gidan saboda ba ta da ɗa a raye. Sunan mahaifiyarta aka sa mini, don haka ba ta kiran sunana, sai dai Uwata, idan kuma na ba ta haushi, 'yar boko. Na tashi na same ta tana sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Na san a da dillaliya ce, mai shiga gidajen kulle da zannuwa da turare da kwanuka, amma ban taɓa tambayar dalilin da ya sa ta bari ba. Mace ce marar yawan magana. Duk duniya aminiyarta ɗaya, Inna Ladi, matar Malam Habu mai makarantar allo a lungu na uku daga gidanmu. Inna Ladi ba ta fita, saboda haka Gwaggo ce ke zuwa, kowace Alhamis bayan azahar, ranar da zauren Malam ba karatu. Tun ina ƙarama ake wannan tafiya, ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Abin da suke tattaunawa ban sani ba. Sau da yawa na leƙa na same su zaune a tabarma ɗaya suna gyaran zogale, ba mai cewa uffan. Sun kuma yi alkawari tun suna da ƙuruciya cewa wadda ta riga mutuwa, ɗayar ce za ta yi mata wanka.

A shekarar da nake magana ina koyar da aji shida a wata firamare da ke unguwar, ina goyon Maryama. Zamanin soja ne, an rufe siyasa, amma littafin darasin zaman jama'a bai san an rufe ba, yana nan da babinsa na zaɓe. Koya wa yara zaɓe a lokacin kamar koya musu daka ne ba turmi. A kan mata kuwa layi ɗaya tak littafin ya yi, cewa a ƙarshen shekarun saba'in an bai wa matan Arewa damar jefa ƙuri'a. Na karanta musu, na tambaya wa ya ba su, aji ya amsa da murya ɗaya, "Gwamnati!" Na ce su maimaita, suka maimaita, aka buga ƙararrawa. A lokacin ina da shekara talatin da 'yan kai, kaina yana rawa, ina ganin duk malaman makarantar barci suke yi ni kaɗai ce idona biyu. Na dawo gida ina mita, na sami Gwaggo a tsakar gida tana matse tunkuza, na juye mata duka.

"Gwamnati ce ta ba mu?" ta ce, ba ta ko ɗago kai ba. "To, madalla da gwamnati."

Ta gama matsarta tsaf, ta wanke hannu da toka, ta shiga ɗaki. Na ji ƙarar adakarta, wadda ni kaina ban taɓa ganin ƙasanta ba. Ta fito da wani farin ƙyalle da ya koma ruwan ƙasa don tsufa, tsawonsa bai fi kamu huɗu ba, ta shimfiɗa shi a kan tabarma. Tun daga sama har ƙasa tambarin babban yatsa ne da shuni, layi-layi, wasu manya wasu ƙanana, wasu sun dushe. Na ƙirga sittin da bakwai.

Labarin da ta ba ni gajere ne, ni ce na riƙa ja. Kafin a ba da mulkin kai, lokacin da maza ke zaɓe matan Arewa kuma ba sa yi, wasu mata 'yan siyasa suka same ta, domin ita ce mai shiga inda su ba za su shiga ba. Suka ce ana so manya su san matan cikin gida ma suna so. Matan kulle ba su iya boko ba, kuma ba wadda za ta yarda a rubuta sunanta, don a lokacin macen da aka ji ta da siyasa sunan da ake kiranta da shi ba na faɗa ba ne. Sai Gwaggo ta yi dabara. Ta kwaɓa shuni da ɗan ƙaro a gwangwanin kwalli, ta naɗe ƙyallen a tsakiyar zannuwan sayarwa. Idan ta shiga gida aka gama ciniki, sai ta yi bayani, wadda ta yarda ta dangwala. Shuni ba ya fita da wuri, maigida zai iya gani, saboda haka take tafiya da lalle a ƙulle, ana dangwalawa a ɗaura wa yatsan lalle ya rufe. Ta ce a shekarar ba a taɓa yin ƙunshi a Unguwar Shanu kamar haka ba, har maza suna mamakin wane biki ake shiri. Kowace mace kuma sai da Gwaggo ta yi mata alkawari cewa mijinta ba zai ji ba, ɗanta ba zai ji ba, har abada.

Ƙyallen bai je ko'ina ba. Mutumin da aka ce zai kai shi gaban manya ya juya shi ya ce wannan ai tsumma ne, takarda ake so mai sunaye. Gwaggo ta naɗe kayanta ta dawo. Amma magana ta riga ta fita. Aka kira ta gaban mai unguwa aka ce ta kawo ƙyallen, ta ce ta ƙone shi. Aka ce ta faɗi sunaye, ta ce ta manta. Magidanta suka hana ta shiga gidajensu, dillanci ya mutu, mijinta ya ce ba zai iya da surutun gari ba. Maza da yawa suka titsiye matansu. Malam Habu, wanda ya yi wa'azi a kan abin a zaurensa, ya kira Inna Ladi ya tambaye ta, ta rantse masa da Allah ba ta sa hannu ba. Saboda wannan rantsuwa gidansa kaɗai ne ba a rufe wa Gwaggo ƙofa ba.

Na tambaye ta ko har yanzu ta san yatsan kowa. Ta ce ai ba wuya, yadda take zagayen tallanta haka ta jera su, kowane layi lungu ɗaya ne, daga gidan mahauta a gangaro har bayan masallaci. Na ce ta faɗa mini. Ta ƙi. Na yi kwana uku ina naci, kun dai san ni. A rana ta huɗu ta zaunar da ni.

"Uwata, ba don nacinki zan faɗa ba. Kowace asuba ina yi musu addu'a ɗaya bayan ɗaya, fiye da rabinsu sun rasu. Idan na tafi ba mai yi. Amma daga kunnenki sai kabari."

Na ce na yarda. Ta bi su da yatsa tana kiran sunaye, ni kuma ina jin sunayen kakannin yaran ajina. A layi na uku akwai wani tambari da farin zare ya ratsa tsakiyarsa. Kafin ta faɗa na gane, domin na san tabon wuƙar da ke babban yatsan Inna Ladi tun ina ƙarama.

Daga nan sai na ɗauko wata sabuwa, wai sai ta zo aji ta nuna wa yara. Na kawo mata hujjoji irin na 'yan boko. Shekara talatin ta wuce, mata sun riga sun yi zaɓe har sau biyu, ita kanta ta bi layi ta dangwala, wa zai damu da tsohon ƙyalle? Ta ce a bar kaza cikin gashinta. Na ce yara suna tashi suna zaton kyauta aka miƙo wa mata suna kwance. Wannan ce ta kama ta. Ta ce za ta zo, da sharaɗi ɗaya, ba suna. Hedimasta, wani dattijo mai tsoron takarda fiye da maciji, ya yarda bayan na tabbatar masa tarihi ne ba siyasa ba.

Ranar Talata ta zo, da mayafinta na zuwa biki. Ta ƙi kujerar da na ba ta, ta ce a shimfiɗa mata tabarma a gaban allo. Yara sama da hamsin, waɗanda kullum sai na yi ta buga tebur kafin su nutsu, suka yi tsit. Ta nuna musu yadda ake kwaɓa shuni, yadda ake naɗe ƙyalle cikin zane, yadda ake ɗaura lalle. Da ta zo wurin maza masu mamakin ƙunshi, aji ya kece da dariya. Wata yarinya ta ɗaga hannu.

"Iya, da aka kai wa manyan sun yarda?"

"Ko karɓa ba su yi ba."

"To mene ne amfaninsa?"

"Amfaninsa?" in ji Gwaggo. "Ranar da aka ce mata su fito, mu ba a koya mana yatsan da za mu miƙa ba."

Wasu suka ce ta faɗi masu yatsun. Ta ce na mutane ne, masu su sun san kansu. A shekara talatin da biyar da na yi ina koyarwa ban yi darasin da ya kai wannan ba, kuma ba ni na yi shi ba.

Da aka tashi, yara suka kewaye ƙyallen suna gwada yatsunsu a kai. Akwai wata yarinya Zainabu, jikar Inna Ladi ta wajen ɗanta Alhaji Sabo. Tana da ƙwaƙwalwa, amma a bayan aji take zama, shekara guda ban ji muryarta sau biyar ba. Ta tsaya a gefe tana leƙe. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa don in ƙarfafa mata gwiwa na yi abin da na yi, kuma akwai wannan a ciki. Amma akwai kuma ƙaiƙayin wanda ya san abin da wasu ba su sani ba. Na jawo ta, na nuna mata tambarin mai farin zare, na rage murya.

"Kin ga wannan? Idan kin koma gida ki dubi babban yatsan kakarki."

Idonta ya yi haske, ni kuma na ji daɗin kaina. Da na ɗago, Gwaggo tana tsaye taku biyu daga inda muke, tana gyara mayafi. Ta dube ni, ta sunkuya ta naɗe ƙyallenta. Har muka isa gida ba ta ce mini komai ba, da muka isa ma ta tambaye ni ne ko akwai sauran kanwa.

Abin da ya faru a gidan Malam daga baya na ji shi. Malam Habu a lokacin ya tsufa, idonsa ya kusa tafiya, Inna Ladi ce ke duba masa inuwa ta gaya masa lokacin salla ya yi. Yana zaune tana dama masa fura Zainabu ta shigo da gudu, ta kama hannun kakarta ta juya, ta ce wallahi shi ne, ta ga yatsan Inna a makaranta, a ƙyallen masu neman zaɓe. Malam bai ɗaga murya ba. Ya ce a fita da yarinyar, sannan ya ce, "Ladi, rantsuwar da kika yi mini fa?" Ta miƙa masa furar. Ya ce irin wannan rantsuwa ba ta da kaffara, sai tuba, ya karɓi furarsa ya sha. Bai sake ta ba, bai zage ta ba, bai ƙara ta da maganar ba. Sai dai daga ranar, idan ta ce masa azahar ta yi, sai ya sa a kira wani daga zaure ya duba masa inuwar. Shekara arba'in da aure, a gaban 'ya'ya da surukai.

Ranar Laraba da safe Alhaji Sabo ya zo makaranta. Babban ɗan kasuwa ne, yana da rumfunan atamfa a Babbar Kasuwa, shi ne kuma shugaban iyayen yara. Aka kira ni ofis. Na same shi a tsaye, Hedimasta yana ta share gumi. Alhaji ya ce an tozarta mahaifiyarsa, an kunyata mahaifinsa, an shigo da siyasa makaranta a lokacin da hukuma ta hana, kuma shi ba zai tsaya a nan ba, sai ya kai ofishin ilimi. Hedimasta ya ce mini idan takarda ta tafi, mafi sauƙin abin da zai same ni shi ne a tura ni Rigachikun can bayan gari, idan kuma aka yi rashin sa'a, kora, domin a shekarun ana ta rage ma'aikata. Na tuna goyo, na tuna motar haya safe da yamma, na tuna babanku da aka riga aka sallama daga masaƙa. Sai Alhaji ya juyo.

"Malama, tambaya ɗaya zan yi miki. Wa ya ambaci mahaifiyata?"

Ba wanda ya tambayi Zainabu, don wa ke kafa shaida da yaro a maganar manya? Ni aka tambaya. Na sunkuyar da kai na ce:

"Alhaji, ka san tsufa."

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ban ce Gwaggo ce ba, kuma na yi shekaru ina fakewa da cewa ban ce ba. Alhaji ya yi tsaki ya ce dama ya sani, tsohuwar da ta kashe aurenta a kan siyasa me za ta bari. Hedimasta ya yi ajiyar zuciya, ya ce ai Malama ma yaudararta aka yi. Aka rubuta mini gargaɗi na cikin gida, magana ta mutu a ofis. A unguwa kuwa ranar ta fara. Kafin la'asar an ce Gwaggo ta tsaya gaban yara ta lissafa sunayen matan aure ɗaya bayan ɗaya. Tsofaffin da suka dangwala suka shiga zullumi, wasu suka aiko a asirce suna tambaya ko an kira nasu. Masu sayen mai suka ragu. Matar da aka kai gaban mai unguwa ta ƙi faɗin suna ko ɗaya, ita aka shafa wa kashin kaji, ni kuma ana yi mini jaje.

Ranar Alhamis bayan azahar ta yafa mayafi ta tafi gidan Malam kamar kullum. Ko rabin awa ba ta yi ba ta dawo. Na bi ta ɗaki, na tsaya a bakin ƙofa.

"Gwaggo, me kika ce mata?"

"Na ce ni ce."

"Don me?"

"Ke kina da aiki, kina da goyo. Ni me zan rasa?"

Ta san abin da za ta rasa, ni ma na sani. Na yi kuka, na ce gobe zan je in faɗi gaskiya. Ta ce in share hawaye in je in ɗora tukunya. Ban je gobe ba. Na ce sai an gama jarrabawa, kada abin ya shafi yara. Da aka gama na ce sai Alhaji ya huce. Sai azumi ya zo, na ce ba a ta da rigima cikin azumi. Bayan salla Maryama ta yi ƙyanda. Duk dalilan nan na gaskiya ne, ba wanda na ƙirƙira, kuma lungu uku ne tsakaninmu da gidan. Gwaggo ba ta taɓa tuna mini ba, ba ta canja mini fuska ba, ta ci gaba da yi muku wanka da goyo. Abu ɗaya ne kawai. Kowace Alhamis bayan azahar sai ta yi wanka ta shafa mai ta ɗauko mayafi, sannan ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta da shi a cinya har a kira la'asar, ta mayar da shi adaka. Ni kuma na koyi tsayawa a makaranta ranar Alhamis ina duba littattafan yara. Aka yi wata goma sha huɗu a haka.

Ciwonta bai yi tsawo ba, kwana shida. Ta rasu da hantsi. Muna cikin neman wadda za ta yi wanka sai ga Inna Ladi ta shigo, lulluɓe har ƙasa, wata surukarta tana riƙe da ita. Ban taɓa ganinta a wajen gidanta ba sai ranar. Ba ta gaisa da kowa ba. Ta ce a kawo ruwa da magarya, ta shiga ta sake labule. Ta daɗe a ciki fiye da yadda wanka ke ɗauka. Da ta fito ta wanke hannu ta koma gida.

Bayan sadakar bakwai na je. Hanyar da ta gagare ni wata goma sha huɗu, ko minti biyar ba ta ci ba. Na same ta a tabarmar nan tasu, ita kaɗai. Na durƙusa na faɗi komai, tun daga nacin da na yi har maganar da na yi a ofis. Ta bar ni na gama.

"Na sani," ta ce. "Tun ranar Zainabu ta gaya mini Malama ce."

Ta gyara zama ta ci gaba.

"Malam ya yi gaskiya, na rantse a kan ƙarya, wannan tsakanina da Ubangijina ne, kuma da za a sake kawo ƙyallen yau sai na dangwala. Da Asabe ta gaya miki sunana ma ban riƙe ta ba, kowa yana da wanda yake sauke wa kaya. Amma ta zo nan, ta zauna inda kike, ta dubi idona ta ce ita ce. Shekara arba'in ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Na ce mata, Asabe, tashi ki tafi, kada ki dawo sai da gaskiya. Na san ba za ta kawo ta ba, don ba za ta tona ki ba. Ke nake jira."

Ta juya babban yatsanta tana kallon tabon.

"Kowace Alhamis ina sa a share nan, in shimfiɗa tabarma. Na ce yarinyar nan mai ilimi ce, za ta zo, in ta zo sai in aika a kira mini Asabe. Da kin zo, 'yata, ko da rana ɗaya ce kafin ta kwanta."

Ba ta zage ni ba. Ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, ta sa aka kawo mini ruwa, ta tambayi lafiyar Maryama. Na fito na bi ta zaure, Malam yana zaune yana tambayar wani ko la'asar ta yi.

Bayan shekara biyu aka yi canjin malamai na gama-gari, sunana ya fito a Rigachikun. Na yi shekara tara a can. Motar haya ba ta kashe ni ba, mutanen kirki ne, har gona na samu. Abin da na sayar da Gwaggo don in guje masa ke nan. Na ci gaba da koyar da babin zaɓe kowace shekara, ina gaya wa yara cewa ba kyauta aka miƙo ba, akwai matan da suka nema tun daga cikin ɗakunansu, amma ban ƙara kai ƙyallen aji ba. Ko bayan rasuwar Inna Ladi da Malam ban gyara maganar a unguwa ba. Na ce ta wuce, wa zai tuna? Sai ga ta a bakin jikata.

Ƙyallen yana ƙasan akwatina, cikin jakar matashin kai mai ruwan toka. Idan na mutu ku ajiye shi, kada ku kai shi ko'ina. Sunaye sittin da bakwai suna kaina, ina bin su kowace asuba yadda ta bi, daga gidan mahauta har bayan masallaci. Ɗaya na faɗa, kun ga abin da ya jawo. Sauran sittin da shida kada wanda ya tambaye ni, da su za a binne ni. Idan kuma yaro ya saki baki a gidan nan har kuna neman sunan da za ku kira shi da shi, ku bar Gwaggo ta huta. Sunana Rabi.